Ƙwallaye Huɗu Toka-toka

Sai da aka gama maki sannan aka dawo wa Malamar aji biyu da takardun 'yan ajinta, don dokar makarantar ce malami ba ya tsaron jarrabawar ajinsa, ba ya kuma yi mata maki. Tana buɗe ta farko ta ga ɓarnar da aka yi.

Ita da kanta ta sauko da jarrabawar nan daga wani shafin intanet da ke tara wa malamai darussan koya wa yara Turanci. Ta zaɓe ta ne don sauƙinta: ƙwallaye huɗu a jere, ja da kore da shuɗi da rawaya, a ƙasa an rubuta da Turanci a zagaye jan. Haka kofuna, haka riguna, har ƙarshen shafi. Ta tura ofis a buga. Shi kuwa Hedimasta yana ji da tawadar kala kamar da jininsa ake haɗa ta, don haka aka buga da baƙi da fari. Ƙwallayen nan suka fito toka-toka, ba ka bambance ɗaya da ɗaya. A haka aka raba wa yara, a haka wani malami ya ɗauki takardar amsoshi ya miƙe ƙafa yana ta zabga maki, bai ko tsaya ya tambayi kansa ina jan yake ba.

Yaran da suka yi canki-canka sun tsira da ɗan abin da Allah ya ba su. Takarda ɗaya ce fara tas, ba komai sai suna, an dangwara mata ƙaton sifiri. Ta Baƙuwa ce, yarinyar da iyayenta suka ƙauro garin a tsakiyar zango, ta zo ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci. An karɓe ta aji biyu da sharaɗin in ta faɗi jarrabawar Turanci za a mayar da ita aji ɗaya. Malama ta sha hana kanta cin abincin tara tana zaune da ita da katunan hotuna, kuma duk ajin babu wanda ya kai ta sanin sunayen launuka da Turanci. Halinta ɗaya, ba ta amsa tambaya sai ta ƙura wa abu ido ta tabbatar. Yau da safe kujerarta babu kowa, har an kwashe jakarta an kai aji ɗaya.

Malama ta faɗa ofis ko sallama ba ta yi da kyau ba. Ta shimfiɗa takardar a kan tebur, gefen kofin shayin Hedimasta.

"Ranka ya daɗe, don Allah nuna min jar ƙwallo a nan."

Ya duba, ya juya takardar, ya sake dubawa. "To, ai Malama sauran yaran sun amsa."

"Sun amsa me? Caca suka yi. Ita kaɗai ce ta duba ta ga babu ja, ta ƙi yin ƙarya, ita kuma aka kora."

"Ba kora ba ce, gyara ne. Kuma kin san tsadar tawadar nan."

"Na sani. Na ga kalandar makaranta da hotonka a kowane wata, har jan hularka ya fito raɗau."

Fuskarsa ta canza. Ya ce an riga an sanar da iyaye, makaranta ba ta magana biyu. Malama ta ce to ita ma za ta sanar da iyaye, duka na ajin, ta riƙe musu takardar nan a bakin ƙofa lokacin tashi kowa ya nemo ja da idonsa. Ta san bakinta ya wuce inda ya kamata, amma ba ta janye ko kalma ɗaya ba.

Da ƙyar, kamar ana zare masa haƙori, ya yarda a buga shafi ɗaya da kala. A kira yarinyar ta sake yi a gabansa. In ta ci ta koma ajinta, in ta faɗi magana ta ƙare.

Na'urar buga takardu ta yi ta gurnani kafin ta tofo shafin. Ja ya fito ja, kore ya fito kore. Malama ta ji sanyi a ranta, don ta san ko daga barci aka tashi Baƙuwa za ta cinye wannan.

Aka shigo da yarinyar, kanta a sunkuye. Malama ta miƙa mata fensir. "Kwantar da hankalinki, 'yata. Ki duba da kyau kamar yadda muka saba."

Baƙuwa ta saci kallon Hedimasta. Sai ta kifa kai ta hau zagaye, sauri-sauri, na farko a wannan layi, na uku a wancan, idonta ko tsayawa ba ya yi a kan hotunan. Inda aka ce ja ta zagaye kore. Inda aka ce rawaya ta zagaye shuɗi. Kafin Malama ta buɗe baki har ta kai ƙarshen shafi ta ajiye fensir.

Hedimasta ya gyara zama. "To, Malama, kin gani da idonki."

Malama ba ta kula shi ba. Ta durƙusa gaban yarinyar. "Me ya sa ba ki duba ba? Ai kin san su duka."

"Hedimasta ne ya ce kallo ne ya kayar da ni," in ji Baƙuwa a hankali. "Ya ce yara masu ƙoƙari ba sa tsayawa kallo, zagayewa kawai suke yi." Ta ɗago ido, cike da fata. "Yau ban bar ko ɗaya ba, Malama. Zan koma ajinmu?"