Kekena Yana Tsinka Zare

Shagon Auta yana ƙarƙashin matattakalar wani bene ne, a tsakiyar layin teloli. Shekara ashirin da shida ke nan yana gyaran keken ɗinki a wurin. Furfura ta fara cin gemunsa, amma har yanzu Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, sunan kuma ya biyo shi daga gida har wurin aiki. Duk mai shiga shagon sai ya sunkuya, in ba haka ba ya gaisa da siminti. Kawunan kekuna ne jere a kan kanta, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya, ga gwangwanayen madara cike da noti da allurai, ga warin man keke da ya kama bango.

Abin da telolin layin ba su sani ba shi ne Auta yana rubutu. Shekara biyu da suka wuce ya buɗe shafi a intanet, irin wanda ake ce wa bulog, don ya zuba abin da ya sani game da keke kafin tsufa ya kwashe masa shi. Duk ranar da aiki ya yi sauƙi sai ya goge hannu, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa a kan benci, ya yi ta ƙwanƙwasa da yatsa biyu. Ya tara rubutu arba'in da ɗaya. Shafin yana da wurin da yake nuna yawan masu leƙowa, kuma ranar da aka yi cinkoso mutum uku ne. Ɗaya shi, ɗaya matarsa. Na ukun matar tana zargin shi ne dai ya sake shiga ta waya.

Ana cikin haka babbar yayarsu ta zo ta yi mako uku a gidansa, saboda ana sauya rufin nata gidan. Yaya ta yi shekara talatin da ɗaya tana aiki a ɗakin karatu na jama'a kafin ta yi ritaya, kuma ba ta iya zama haka kawai ba. Kwana biyu ta jera wa matar Auta kwanuka bisa girma, ta rarraba takardun yara a kwali-kwali. A rana ta uku matar ta ja mijinta gefe ta ce, "Baban yara, don Allah ka tafi da Yaya shago. In ta ƙara kwana ɗaya a gidan nan, ni ma lamba za ta manna mini a goshi."

Haka Yaya ta samu kujera a bakin shago. Kafin azahar ta gano kwamfutar, kafin la'asar ta karanta rubutu shida.

"Auta, zo nan. Mene ne wannan? Tsokaci Kan Sirrin Na'ura, Kashi na Tara."

"Kan magana ne, Yaya. Ai ya yi nauyi, ko?"

"Ya yi nauyi har ya nutse. Wa kake rubuta wa?"

"Duk mai keke."

Yaya ta leƙa shagon da ke kusa, ta kira telan da kowa ke ce wa Mai Gilashi, wanda tun safe take jin yana faɗa da kekensa. Ta miƙa masa wayarta ta ce ya rubuta damuwarsa a injin bincike, yadda zai rubuta in babu makaniki a duniya. Mai Gilashi ya tura gilashinsa kan goshi, ya rubuta: kekena yana tsinka zare.

Suka duba shafin farko na sakamako, suka duba na biyu, har na biyar. Babu Auta, babu alamarsa.

"Amma na rubuta wannan!" in ji Auta. "Wallahi na rubuta. Yana cikin kashi na tara."

Suka nemo. Amsar tana nan kuwa, mai kyau, daki-daki, amma a sakin layi na bakwai, bayan gaisuwa, da godiya ga masu karatu, da tarihin yadda ya koyi sana'a, da ra'ayinsa kan lalacewar ƙarfen zamani.

Yaya ta cire tabarau ta dube shi irin duban da take masa tun yana rarrafe. "Shekara talatin ina zaune a teburin tambaya. Ban taɓa ganin wanda ya shigo ya faɗi sunan littafi daidai ba, sai malaman jami'a, su ma rabinsu kuskure. Mutum zai zo ya ce, ina son littafin da zai hana kajina mutuwa. Aikina shi ne in haɗa bakinsa da kantar da littafin yake. Wannan injin ma aikin da yake yi ke nan. Da aka mayar da katunan jerin littattafanmu cikin kwamfuta, an zaunar da mu wata guda ana koya mana. In ba ka yi magana da bakin mai tambaya ba, ba zai kawo maka kowa ba."

Washegari ta sayi ƙaramin littafin rubutu. Mako guda tana zaune a bakin shago, duk wanda ya kawo keke sai ta rubuta maganar farko da ta fito daga bakinsa, ba gyara. Yana tsallake ɗinki. Yana cukurkuɗe zare ta ƙasa. Allura tana karyewa. Yana cin yadi. Fedal ya yi tauri. Wata dattijuwa ta ce nata kuka yake kamar an taka kyanwa, Yaya ta rubuta har da kyanwar. Telolin suka gane abin da ake yi, suka fara zuwa ko ba su da gyara, kowa yana so maganarsa ta shiga littafin Yaya. Kafin mako ya cika duk layin Yaya suke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Sai aka shiga aikin gaske. Yaya ta ce kowace tambaya da rubutunta, kan maganar kuma ya zama ita tambayar. Amsa ta zo a layi uku na farko, bayani ya biyo baya. Auta ya ga an yanke masa gaisuwar sakin layi biyu, ya dafe ƙirji.

"Yaya, mutum ya shigo shafina ko sannu ban ce masa ba?"

"Mutumin da zare ya tsinke masa, mai kaya yana tsaye a kansa, sannunka yake nema? Gyara masa, sannan ka tambaye shi mutanen gida."

Hotunan ma ba su tsira ba. Duk sunansu lambobi ne, irin wanda waya take ba su. Yaya ta sa ya sake musu suna ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta abin da ke cikin kowanne a ƙarƙashinsa, don injin ba ya gane hoto kamar mutum, makahon da kwamfuta take karanta wa shafi ma yana da haƙƙi. Ta sa ya rage musu nauyi, domin ta gwada buɗe shafin a wayar Mai Gilashi har shayinta ya huce bai gama buɗewa ba. A ƙarshen kowane rubutu kuma ta sa ya ɗora mahaɗi, wato wurin latsawa, zuwa 'yan uwansa: mai karanta tsinkewar zare a nuna masa na zaɓen allura.

Auta ya fara jin daɗin abin, jin daɗin kuma ya kai shi ga wuce gona da iri. Ya yi tunani, tunda injin kalmomi yake bi, bari ya ƙosar da shi. Ranar hutu da hantsi suna zaune a falo da Yaya, ya miƙa wa matarsa sabon rubutu yana murmushi. Ta karanta da ƙarfi:

"Idan keken ɗinkinka yana tsallake ɗinki, to keken ɗinki mai tsallake ɗinki keken ɗinki ne da yake bukatar mai gyaran keken ɗinki ya duba keken ɗinkin."

Ba ta kai layi na biyu ba dariya ta kayar da ita kan kujera. Yaya ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, ta kasa, har da hawaye.

"Baban yara, lafiya? Ko kai ma allurarka ce ta maƙale wuri ɗaya?"

"Injin nake yi wa," in ji shi, shi ma yana dariya.

"Injin ba wawa ba ne," in ji Yaya tana share ido. "Ya san mai cusa kalma, baya yake tura shi. Faɗa sau ɗaya a sama, sau ɗaya inda ta dace, sauran ka yi magana kamar mutum."

Wuri ɗaya ne Auta ya ci Yaya. Ita ba ta yarda a rubuta ɗinki babu lanƙwasa a kan harafin farko ba, ta ce wannan ba rubutu ba ne, kasala ce. Shi kuwa ya zagaya layin da ita, suka duba wayoyin teloli tara. Biyu ne kawai suke da haruffa masu lanƙwasa, sauran dinki suke bugawa. Suka gwada bincike da kowanne, sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Sai Yaya ta ce a bar rubutun da ƙa'idarsa, amma adireshin kowane shafi a yi shi da haruffan da kowa ke da su. Auta ya yi kwana biyu yana ba kowa labarin ranar da Yaya ta ce masa ka yi gaskiya.

Aka gama rufi, Yaya ta koma gidanta. Mako ɗaya, masu leƙowa uku. Mako biyu, huɗu. Auta ya kira ta ransa a jagule.

"Yaya, ko dai mun yi aikin banza ne?"

"Sabon littafi ma sai ya kwana a ɗakin rajista kafin ya hau kanta. Ka ci gaba da rubutu, ka daina leƙen lamba kamar mai jiran haihuwa."

Bai daina leƙe ba, amma ya ci gaba da rubutu. A mako na bakwai ya ga sha tara. Ya rufe kwamfutar ya sake buɗewa, yana zaton ta rikice. Wata na uku suka haura ɗari a rana. Mai Gilashi ya sake buga tambayarsa ta farko, ga Auta na biyu a shafin farko. Ya fito tsakiyar layi da waya a sama yana cewa, "Ku zo ku ga namu!"

Wata safiya saƙo ya shigo daga wata mata. Ta ce tana zaune a wani ƙauye da sai an yi tafiyar yini kafin a samu mai gyara. Ta gaji keken mahaifiyarta, shekara huɗu yana rufe da zani. Ta bi rubutunsa ta wanke keken, ta sa mai, ya fara juyawa, amma ya ƙi kama zaren ƙasa, kuma ta karanta duk abin da ya rubuta ba ta ga wannan ba. Ta bar lambarta.

Auta ya kira ta ta bidiyo. Ya jingina wayar da gwangwanin noti, ya ɗauko kan keke irin nata ya ajiye a gabansa. Hoton yana yankewa, murya tana zuwa a makare, ga akuya tana kuka a bayanta. Telolin suka ji ana magana da baƙuwar murya, suka taru a ƙofa, har wani ya buga kai da siminti bai ma kula ba.

"Baiwar Allah, kwantar da shi ta baya. Yawwa. Ciro gidan bobin, wancan ƙarfen da zaren ƙasa yake zama a ciki. Haska mini da kyau."

Ta haska. Auta ya matso da ido har hancinsa ya kusa taɓa waya. Gidan bobin lafiyarsa ƙalau. Ya ce ta nuna masa allura.

"To, ga ɓarawon. Kin ga gefen allurar nan da yake a shafe, ba a zagaye ba? Kin juya shi. Kwance notin, ki juyo da shi yadda nawa yake. Kar ki matse da ƙarfi."

Sau biyu allurar tana faɗuwa kafin ta zauna. Duk layin teloli ba ka jin ko keke ɗaya. Ta zura zare, ta riƙe bakinsa, ta juya ƙafar keken da hannu a hankali. Allura ta sauka, ta hau, sai ga zaren ƙasa ya biyo ta, ɗan lanƙwashe.

Ihun da aka yi a ƙofar shago ya sa masu shagunan sama suka leƙo. Matar ta rufe baki da hannu, tana dariya tana kuka lokaci guda. Ta sa ƙyalle ta taka, ɗinki ya tafi sambal. Ta ce rabon da ta ji wannan ƙarar a ɗakin tun mahaifiyarta tana da rai. Auta ya juya yana neman tsumma, wai mai ne ya shiga masa ido.

Bayan kwana goma ta turo hoto: mijinta tsaye a ƙofar gida, yana washe baki cikin rigar farko da ta ɗinka. Wayar ta zagaya layin hannu zuwa hannu. Kowa ya yaba ɗinkin, babu tsallake ko ɗaya. Da ta iso hannun Mai Gilashi sai ya sauke gilashinsa, ya ƙura ido, ya girgiza kai.

"Keke ya gyaru, amma hannun hagu ya fi na dama tsawo da yatsa biyu. Kuma wuyan ya shaƙe bawan Allah."

"To ai wannan ba aikina ba ne," in ji Auta.

"Na sani. Nawa ne." Ya jawo kujera ya zauna kusa da kwamfutar, ya rataya awonsa a wuya. "Buɗe mini wuri a shafin nan naka. Ni zan faɗa, kai ka buga. Kuma ka gaya mata kar ta yanka wani yadin sai ta ji daga gare ni."

Auta ya goge hannu, ya matsar da kan keken da yake gyarawa, ya buɗe sabon shafi. Mai Gilashi ya gyara murya ya fara bayanin yadda ake auna kafaɗa, teloli biyu suna tsaye a kansa suna yi masa gardama tun daga jimlar farko.