Layaran a Hannun Deraman

"Baba, ajiye kulkin nan!"

Rizuan ya saki sitiyarin jirgin ruwan ya yi tsalle zuwa baya. Mahaifinsa, Deraman, ya dubi hannunsa kamar na wani ne, ya ga kulkin katako a ciki, ya ajiye shi a hankali. A gefen jirgin, babban kifin teku da baƙonsu ya kamo, wanda ake kira layaran, yana kwance bisa ruwa a gajiye, bakinsa dogo kamar mashi, faffaɗar ƙayar bayansa a buɗe, shuɗiya mai ƙyalli.

"Hannu ne ya saba," in ji tsohon. "Wallahi ban san na ɗauka ba."

Wannan sabon ne ya hana Rizuan sakat tun da suka baro bakin kogin Rompin. Watan jiya shi ya kashe musu layaran guda, kuma ƙungiyar masu jiragen ɗaukar baƙi ta kira Rizuan ta ja masa kunne. Layaran kama shi ake yi, a ɗauki hoto, a mayar da shi da ransa. In aka sake ganin matacce a jirginsa, ba za a ƙara turo masa baƙo ba har iskar damina ta rufe teku, daga nan kuwa sai baɗi. Kowa ya gane cewa kifin nan mai rai shi ke dawo da mutanen birni. Kowa ban da Deraman, wanda ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya aurar da su, duk a kan kifin da yake kwaɗa wa kulki.

Baƙon na yau, Mista Teoh, mai kantin tayoyi ne a Kuala Lumpur. Ya jiƙe sharkaf da gumi, jikinsa sai rawa yake don murna.

"Kyaftin, a ɗago min shi kan cinya! Hoto ɗaya tak. Ƙanen matata ya yi irinsa bara, ya ishe ni da gori."

"Yallaɓai, a cikin ruwa ake ɗauka yanzu. Ka sunkuyo ka riƙe bakin."

"Haba Kyaftin! Wa zai gane girmansa a ruwa? Ai sai a ce tarwaɗa na kama. Ni da zan kawo maka abokaina sati mai zuwa!"

Rizuan ya san amsar da ta dace, amma maganar abokan nan ta rinjaye shi. Ya yi wa mahaifinsa nuni da ka, suka ciccibo kifin suka ɗora wa baƙon a cinya. Hoto ɗaya na ɗan birni kuwa, kowa ya san tsawonsa. Na farko hula ta karkace. Na biyu rana ta kashe masa ido. Sai kuma ya tuna a buɗe ƙayar baya ta fito sosai. Kifin yana ta wage baki yana neman ruwa, har dai Rizuan ya ce ya isa haka ya fizge shi.

Da suka mayar da shi ruwa, sai ya kwanta a gefe guda. Deraman ya sa safar hannu, ya kifa cikinsa a bakin jirgi, ya damƙi dogon bakin ya miƙar da kifin. Rizuan ya koma sitiyari ya ja jirgin sannu-sannu don ruwa ya riƙa ratsa bakin kifin yana ba shi numfashi. Haka ake farfaɗo da su, kuma yawanci ba a jimawa sai ka ji wutsiya ta motsa.

"Baba, ya motsa?"

"Ja dai."

Suka yi ta ja. Rana ta take tsaka, ruwa lumui, babu abin da ake ji sai gunjin inji. Can sai Rizuan ya hango farin jirgi yana matsowa ta hannun dama, ya gane shi tun kafin rediyo ta yi ƙara. Na Mat Zin ne, shugaban ƙungiya.

"Rizuan, me kuke ja haka tun ɗazu? Ko tsohon ne ke koya wa kifi iyo?"

Rizuan ya ƙaƙalo dariya. "Farfaɗo da shi muke yi, Kawu. Ya ɗan wahala."

"To a bi a hankali. Bari mu tsaya mu ga tashinsa, baƙina ba su ga ko ɗaya ba yau."

Jirgin ya tsaya ba nisa, mutane suka jeru a gefensa suna kare rana da hannu. Tsoro ya kama Rizuan sosai. Ya leƙa baya. Shuɗin nan mai ƙyalli ya dushe, kifin ya koma launin toka.

"Kashe injin," in ji Deraman, murya ƙasa-ƙasa.

Rizuan ya kashe, ya zo ya durƙusa kusa da shi, ya ba Mista Teoh baya.

"Ya tafi," in ji tsohon. "Tun ɗazu gawa nake ja. Kama wutsiya mu ɗago shi. Naman nan zai ci da unguwa guda. Gwaggonka Esah ta daka ta soya, yara su sha daɗi."

"Baba, Mat Zin na kallo."

"Ya kalla mana. Ido gare shi."

"In ya hau jirgin nan, an gama da ni bana. Ka sake shi kawai, zai nutse. Daga can ba za su gane ba."

Tsohon ya juyo da fuskarsa, jini ya taru a idanunsa saboda daɗewa a kife. "Ka ce a saki mai rai, na bi ka, ko da ban gane kan abin ba. Amma in yar da abinci a teku da hannuna? Da wace fuska zan tsaya sallar la'asar?"

"Ai ba asara ba ce, kifaye za su ci."

"Kifaye ba su roƙe ni ba."

"Lafiya dai, Kawu?" Mista Teoh ya tambayi tsohon, ya matso da wayarsa a ɗage. "Yana samun sauƙi ko?"

Rizuan ya dafa hannun mahaifinsa. "Baba, don Allah. Jirgin nan shi ke ci da jikokinka."

Deraman ya daɗe yana kallon ɗansa. Sai ya mayar da idonsa kan ruwa, ya gyara kifin ya daidaita shi kamar mai rai, ya tura shi ƙasa da ƙarfi, ya buɗe hannu. Layaran ya bi turin ya yi gaba kaɗan, sannan ya fara jirkicewa, duhun ruwa ya rufe shi.

"Ya tafi! Ya tafi!" Mista Teoh ya hau tsalle. "Sauka lafiya, abokina! Ka gaida mutanen gida!"

Daga farin jirgin aka ɓarke da tafi, aka danna ƙaho. Rediyo ta sake magana. "Madalla, Rizuan! Ka ce wa Deraman ya zama ɗan zamani. A ɗaga tuta mana!"

Duk jirgin da ya saki layaran da ransa yakan ɗaga wata 'yar tuta ja, ya shiga da ita bakin kogi kowa ya gani. Aikin mai riƙe bakin kifi ne ɗaga ta. Rizuan ya ciro ta daga akwati ya miƙa wa mahaifinsa, bai iya haɗa ido da shi ba.

Tsohon ya zare safar hannunsa, ya ɗauraye ta a ruwa, ya matse, ya shanya a bakin jirgi.

"Wannan kam da hannunka za ka ɗaga ta," in ji shi. "Gobe kuma ka nemi wani ya riƙe maka baki."

Ya wuce can gaban jirgi ya zauna yana fuskantar gari. Rizuan ya ɗaura tutar da kansa, ya ja igiya har ta kai sama.