Allurar Agogon Awo

Kalilu ya sake ɗaure sandar ƙarfen a kan injin sassaƙa, ya sauko da bakin agogon awo har ya taɓa ta. Karo na uku ke nan tun hantsi. Idan ana juya ƙarfe, allurar agogon takan motsa daidai karkatarsa, ko da karkatar ba ta kai silin gashi ba. Shekara talatin yana aiki da shi a garin Isa.

Ikilima na zaune a benci, mayafinta ya jiƙe da zufa. Sandar ta injin niƙanta ce, kuma nata ne kaɗai ya rage yana aiki a unguwarsu a Gatawa.

"Baba, ba ni abina hakanan," ta ce. "Da la'asar ta yi, babu direban da ka bin hanyar nan."

"In ta karkace, kwana bakwai ba za ta yi ba ta cinye boris ɗin da take juyawa a ciki. Sai kin sake biyo hanyar. Shi nika gudu."

Da safe, a hanyarta ta zuwa, sun wuce wata mota a ƙone a gefen daji.

Ya juya sandar a hankali, ya duƙa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin agogon. Ya goge shi da hannun riga, ya sake duƙawa. Zane-zanen awon da ke fuskar agogon sun narke sun zama hazo. Tun bara yake ɓoye wannan, yana ɗora laifi a kan duhun shago.

Ya miƙe, bayansa na ciwo.

"'Yata, matso. Kin ga allurar ga? Za ni juyawa, ke ki ƙirga min zane nawa ta ƙetare."

Ta dube shi, ta dubi idanunsa. Ta matso.

"Biyar."

Ya kwance, ya danna sandar kaɗan a injin matsi don ta miƙe, ya mayar.

"Uku... a'a, biyu. Biyu ta tsaya."

"Kin tabbata?"

"Baba, ni ka tsince tsakuwa cikin gero."

Ya naɗe mata sandar a tsumma. Ta saɓa, ta nufi tasha da sauri, kiran sallah na tashi.

Kalilu ya rufe agogon a akwatinsa, ya daɗe zaune. Sannan ya leƙa shagon maƙwabcinsa.

"Jabir, wace rana ce likitan ido ka zuwa asibiti?"