Wa Zai Tashi Ya Ce Ya Ɗauka?

"Ba likita ba, ba nas ba," in ji Hussaini, yana kauce wa rami a fitar Gusau. "To in kin gama me za a riƙa kiranki? Hajiya Wanke-hannu?"

Fasinjojin baya suka yi dariya. Rufaida ma ta yi, don ta san bakin yayanta. Ta gyara zama a kujerar gaba, wadda ya hana kowa saboda ita.

An ba ta gurbin digiri a fannin kiwon lafiyar al'umma, kuma jibi za a rufe rajista. Kuɗin makarantar ya fi ƙarfin gidansu, sai dai ta ci bashin karatu na gwamnati, wanda ake biya bayan an fara aiki. Ita kuwa ta yi alkawari ba za ta sa hannu ba sai Baba ya ce to. Shi ya sa suka nufi garinsu, Bilbis.

"Ga shagon maganin abokina a Damba," Hussaini ya ci gaba. "Dubu arba'in duk wata, daga gobe in kina so. Shekara huɗu kina karɓa, ko shekara huɗu ana bin ki?"

"Shekara goma kuma fa? Ina nan a dubu arba'in ɗin, ina ƙirga ƙwaya."

Ba da ka take magana ba. Jiya ta je Bungudu wajen Madam Hannatu, jami'ar da take yi wa aikin rigakafi gida-gida, ta cije ta tambaye ta albashinta. Matar ta riƙe baki, ta ce, "Ke 'yar nan, ko mijina bai taɓa tambaya ba!" Sannan ta faɗa mata, har da shekarun da ta yi tana jiran a ɗauke ta aiki. Rufaida ta kwatanta da bashin, ta cire rabin albashin don kada ta ruɗi kanta, ta ga duk da haka zai biyu.

"Kai fa?" ta ce. "Motar nan taka ce?"

"Saura kaɗan," ya ce, ya shafa sitiyari. Duk Juma'a yake kai wa Alhaji Sabiru na Tsafe, wanda ya ba shi motar bashi, wani abu daga kuɗinta.

Da suka wuce shingen sojoji hira ta mutu. Kowa ya zuba wa daji ido, wata tsohuwa tana ta salati ƙasa-ƙasa, har suka shiga Tsafe aka sauke fasinja.

A Bilbis sun tarar da mahaifinsu, Malam Badamasi, a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Rufaida ta durƙusa ta gaishe shi, ta jero bayaninta yadda ta shirya, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ta faɗi abin da za ta ci, da abin da take sa ran samu, da lokacin da za ta gama biya. Ta ce babu kuɗin ruwa a ciki, don ta san nan zai fara tambaya.

Baba ya saurara har ƙarshe.

"Lissafinki ya fita, ɗiyata. Ban da ja."

Zuciyarta ta yi sanyi. Sai ya ajiye fartanyar.

"Amma kin lissafa rayuwa, ba ki lissafa mutuwa ba. Kin san in an aje gawa, kafin a yi mata salla, mi ake tambaya?"

Ta sani. Liman yakan juyo ya ce, akwai mai bin mamacin bashi? Mai bi ya yafe, ko wani daga dangi ya tashi ya ce ya ɗauka.

"Alhaji Sabiru mutum ne," in ji Baba, yana nuna Hussaini. "In ta Allah ta kasance ga wanga yaro, zai zo, a dubi idonai a roƙe shi. Gwamnati fa? Wa za ta aiko ya ce ya yafe? Ni na tsufa, ba ni ɗaukar abin da ban iya saukewa. Ba ni kuma bari a sa ki ƙasa da kaya a wuya."

Duk tambayar da ta yi tsammani ta tanadi amsarta, ban da wannan. A cikin gida ana daka. Ta ɗago kai ta dubi Hussaini, wanda ya jingina da ƙofa yana wasa da makullin mota, ba ta kuma ɗauke ido ba.

"Ke, me kike kallona?"

"Baba ya yi tambaya, Yaya."

Ya sosa ƙeya, ya dubi rufin zaure, ya yi tsaki.

"Shi ke nan. Baba, ka shaida. In ta riga ni, ni na ɗauka. In kuma ta rayu, ita za ta biya abinta, ta kuma saya mini tayoyi huɗu sababbi, ba 'yan gwanjo ba."

Baba bai yi dariya ba. "Kai da ke kwana bisa wagga hanya? Kai da naka kayan?"

"Nasa ni na ɗauka," in ji Rufaida. "In ya riga ni, abin da ya rage na motar yana wuyana. Baba, ka shaida wannan ma."

Hussaini ya daina kaɗa makullin.

Tsohon ya dube ta, ya dubi ɗansa, ya daɗe. Sannan ya jawo fartanyarsa ya ci gaba da fiƙe ƙotar.

"Na shaida. Ku tashi ku kama hanya tun da sauran rana."

A mota, da suka hau kwalta, Hussaini ya ɗan dube ta.

"Hajiya Wanke-hannu," ya ce, "ki riƙa cin abinci a makarantar nan. Kin ji ko?"

"Kai ma ka rage gudu," ta ce.

Ya duba allon gudun, ya ɗan ɗaga ƙafa.