Kunamar Teku

Tahirou ya ɗaga 'yar kwalbar saitin taga ya girgiza ta. Ruwa ne garau, ko laka babu. A jikinta an manna hoton halittar nan shuɗiya mai kama da balan-balan, da zarurruka suna reto a ƙarƙashinta. Da ganinta sai da ransa ya ɓaci.

"Ita ce," ya ce da Turancinsa na gareji. "Ita ta harbi matata."

Simeon, mai shagon, dattijon Bature ne da ke sayar da turare da ganyaye a titin Elm. Tsohuwar motarsa ta fi kowa zarya a garejin su Tahirou da ke Gate City Boulevard, a nan ya ji labarin, ya ce wa Tahirou ya leƙo shago yana da wani abu. Tahirou mutum ne mai sallah a kan lokaci, ba ya shiga irin waɗannan wurare. Amma wanda ya faɗa rijiya, ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Matarsa Ousseina 'yar tagwaye ce. Hassanarta ta rasu a can gida Tessaoua farkon bazara, ita kuwa takardun zama a ƙasar Turawa ba su bar ta ta je ko gaisuwa ba. Bayan sadakar arba'in sai Tahirou ya yi dabarar kai ta bakin teku wajen Wilmington, wai ko iska za ta rage mata. A can ta ga abin, wai kunamar teku, yashe a kan yashi. Ya daka mata tsawa kada ta taɓa, ta yi masa murmushinta na farko tun rasuwar, ta ce, "Ka manta ko ni wace ce?" A garinsu kowa ya san kunama ba ta harbin tagwaye. Ita da Hassana tun suna 'yan mitsi-mitsi suke ɗaukar kunama a tafin hannu suna tsorata 'yan makaranta. Ta sunkuya ta ɗauka. Ihun da ta yi har yanzu yana kunnensa.

Garin neman gira aka rasa ido. Likita ya wanke hannun, kumburi ya saɓe, sai tabo kamar jerin tsakiya a wuyan hannu. Amma tun daga ranar abinci ya fita ranta. Ta ce an nuna mata ƙarara, ta tashi daga 'yar tagwaye, rabin mutum kuwa me zai yi da tuwo. Zobenta na aure har ya fara zamewa daga yatsa, kuma Tahirou tsoro yake ji sosai kada ta bi 'yar'uwarta.

"Dafinta ne a ciki?" ya tambaya.

Simeon ya ce ko kaɗan. Shi kwanon ruwa yake ajiyewa kusa da ita a rana, ba ya ko taɓa ta, ruwan ya ɗauki ƙarfinta. Tahirou ya haɗiye dariya. Kenan ruwan kallo ya yi ya zama magani. Ya tambaya ko da giya a ciki, aka ce wannan da ruwan khal mai tsami aka haɗa.

"Ina ba wa waɗanda suka rabu da nasu," in ji Simeon. "Ka san ba dabba ɗaya ba ce? Halittu ne da yawa a manne da juna. Wani shi ne tulun iskar, wasu kamun abinci, wasu narkarwa. Ba wanda zai rayu shi kaɗai."

Wannan ita ce maganar da Tahirou ya ƙudura ba za ta shiga gidansa ba.

"A ruwa ta same ta?" Simeon ya tambaya.

"A kan yashi. Har ta fara bushewa, ƙudaje na bi."

"To ai matacciya ce. Suna harbi ko bayan sun mutu."

Tahirou ya biya, ya jefa kwalbar a aljihu yana istigfari.

Bayan la'asar ya sami Ousseina inda ya bar ta, a kan darduma kusa da taga, kwanon furar safe a rufe ko motsa shi ba a yi ba. Ya zauna a ƙasa yana warin baƙin mai, ya ajiye kwalbar a gabanta.

"Malam, mene ne kuma wannan? Ba na ce na gaji da lokotoro da asibitinsu ba?"

"Ba na lokotoro ba ne. Buteli ne na wani tsoho. Ruwa ne da ya zauna kusa da mutuniyarki."

Ta ga hoton, ta kau da kai.

"Bon, ki saurara," ya ce. "Na yi bincike. Alkawarinku da kunama ne, ita kuwa ta tudu ce, kuma ita kaɗai take yawo. Wannan gayya guda ce a cikin riga ɗaya. Taron dangi suka yi miki, Ousseina. Ba su ma san Tessaoua ba."

Gefen bakinta ya ɗan motsa, ya koma. Ya ga wasan bai ci ba, hankalinsa ya ƙara tashi. Don kawai kada shirun ya yi tsawo ya ƙara da cewa, "Wai ma matacciya ce. Tsohon ya ce ko sun mutu suna harbi."

Ta juyo a hankali.

"Matacciya?"

"Haka ya ce."

Ta janye hannun rigarta, ta daɗe tana duban tabon. Ta bi ɗigo-ɗigon da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

"Nan Hassana take mintsinina," ta ce. "Daidai nan. In Inna ta zuba mana tuwo na tsaya shan ƙamshi, sai ta kama nan ta murɗe, ta ce in ci kada a ce ita ke cinye rabona. Har da aurenmu ba ta daina ba."

Hawaye suka zubo mata, amma ba irin na kwanakin baya ba, don da dariya a ciki. Tahirou ya buɗe baki zai ce matattu ba sa aike, ya dubi ƙashin wuyanta da ya fito, ya rufe bakinsa.

"Muguwa," ta ce tana share fuska da mayafi. "Duk faɗin tekun nan sai da ta nemo ni."

Ta ture kwalbar gefe ko murfinta ba ta taɓa ba, ta jawo kwanon furar ta buɗe. Ta yi tsami tun safe. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Malam, miƙo mini sukari."