Fuskar Yohanna

Wata ranar Talata da hantsi, mai gadin gidan talabijin ya leƙo ɗakin haɗa fim ya ce wa Irmiya ana sallama da shi. Da ya fita sai ya tarar da mace tsaye a inuwar dogonyaro, riƙe da hannun yarinya 'yar shekara biyar. Tun kafin ta buɗe baki ya gane ta. Monica ce, matar marigayi Yohanna mai jita, wanda tankar mai ta take da babur ɗinsa a hanyar Gusau shekara biyu da suka wuce.

Bayan sun gaisa ta ce, "Malam Irmiya, an ce kai ka ɗauke shi a fim. Lokacin da aka nuna ina gida Kafancan, ban gani ba. Ga Dorcas ta dame ni da tambayar yadda Babanta yake. Hotonsa ɗaya ne da mu, na katin aiki, shi ma hatimi ya cinye rabin fuskar. Don Allah ka nuna mata shi ko sau ɗaya ne."

Nan ya kamata ya gaya mata gaskiya. Amma sai ya ce, "Ku shigo, Maman Dorcas."

A shekarar 1976 aka yi fim ɗin. Lokacin Irmiya bai daɗe da dawowa daga kwas na wata uku a Ingila ba, da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da kai wanda ya fi ƙarfin hula. Can ya ga yadda ake ɗaukar makaɗan rok, kiɗan samarin Turawa: kyamara ba ta tsayawa wuri ɗaya, ta karkace, ta zuƙo, ta ja da baya, kowane hoto da abin da yake nufi. Ya dawo Sakkwato sai aka sa shi bin manyan soja yana ɗaukar yankan ƙyalle da buɗe famfo. Abin ya ishe shi. Ana nan sai ga Yohanna, akawu a wata ma'aikata, da abokansa uku daga Runjin Sambo, sun zo da waƙarsu ta manomin da ya yar da fartanya ya bi kwalta. Irmiya ya ji kamar an yi masa kyautar mota.

Ya kwashe su zuwa fadamar Dundaye da janareto da ganguna. Ranar ya nuna gwaninta har ta yi yawa. Ya kwanta rub da ciki a cikin laka ya ɗauki ƙafafun Yohanna. Ya tsayar da shi rana na bayansa, yadda ba abin da za a gani sai baƙar inuwar mutum da jita. Ya shafa basilin a gilashin kyamara don ruwan gulbi ya fito dishi-dishi. Ya mirgino tsohon durom ɗin mai tsakiyar shinkafa, wai shi ne arzikin fetur da ya kashe noma. Shirwa ma da ta zo wucewa ba ta tsira ba, sai da ya bi ta da kyamara, wai 'yanci ke nan.

Mode mai ɗaukar sauti, dattijo Basakkwace wanda ya ja janareto can bayan tudu don kada ƙararsa ta shiga waƙa, ya zare abin saurare daga kunnensa ya ce, "Irmiya, wai mi kaka ɗauka haka? Mutumin ga na da huska hwa. Ka ɗauko shi yadda Allah Yay yi shi."

"Malam Mode, kai dai kula da sautinka. Fuska kowa na da ita, ni ma'ana nake nema."

Sau ɗaya tak fuskar ta shiga. Da waƙa ta ƙare, Yohanna ya juyo ya dubi kyamara ya ƙyalƙyale da dariya, gumi na zuba, wushiryarsa a fili. Da Irmiya ya zauna haɗa fim sai ya ga dariyar ta ɓata masa baƙin cikin waƙar. Ya sa almakashi ya datse ta, ya jefa a kwandon shara, washegari mai shara ya ƙone. Aka nuna fim ɗin sau biyu, wani Bature malamin kwaleji ya aiko da wasiƙar yabo, Irmiya ya yi wata guda yana yawo da ita a aljihu.

Yanzu ga shi yana zura fim ɗin a majigi. Ya rufe tagogi, ya zaunar da su a benci. Sauti ya fara fitowa, tas, kamar Yohanna na tsaye a ɗakin, don shi Mode ya yi aikinsa. Monica ta damƙe gefen benci, ta sunkuyar da kai.

Laka ta fito a bango, sai ƙafafu.

"Mama, wannan ne?"

"Ƙafarsa ce. Jira."

Sai durom. Sai shirwa. Sai inuwa baƙa ƙirin tana kaɗa jita. Dorcas ta miƙe tsaye a kan benci tana leƙe, wai ko za ta hango bayan hasken. Da yatsu suka cika bango suna gudu a kan tsirkiya, Monica ta ce, "Ga hannunsa nan. Kin ga tabon? Ranar da yake gyara mana rufin kicin kwano ya yanke shi." Irmiya ya ƙura wa majigi ido. Kowane hoto ya tuna irin daɗin da ya ji ranar da ya ɗauke shi, yau kuwa kunya ce kawai da takaici suka cika masa ciki. Ya tsani durom ɗin nan, ya tsani shirwar, ya tsani kansa.

Ana gab da ƙarewa kyamara ta zame gefe, sai ga fuskar Sunday mai ganga, ɗaya daga cikin abokan Yohanna, ta cika bango, da gemunsa, yana murmushi. Kuskure ne da ya tsere wa almakashi, bai kai numfashi biyu ba.

"Ga Baba! Mama, ga Baba!" Dorcas ta buga tsalle tana tafi.

Fim ya ƙare, wutsiyarsa na ta faɗat-faɗat a jikin majigi. Irmiya ya kashe, ya buɗe taga. Monica ta matso kusa da shi, ta rage murya.

"Ba wani saura?"

"Akwai, da. Ya yi dariya a ƙarshe. Ni na yanke da hannuna, na zubar."

Ba ta zage shi ba, shi kuwa ya so a ce ta zage shi. Ya juya wajen yarinyar ya ce, "Dorcas, wancan da kika gani ai..."

"Ƙyale ta," in ji Monica. "Me za ka ba ta a madadinsa?"

Ta gyara ɗankwalinta, ta kama hannun 'yarta suka fita. Yana tsaye a bakin taga yana jin muryar Dorcas har suka kai ƙofa, tana gaya wa mai gadi ta ga Babanta, yana da gemu, kuma ya yi mata murmushi.