Hoton Wata Shida

Su biyu suka kinkimo keken ɗinkin ta ƙofar baya, tela tana riƙe da kai, maƙwabciyarta Maman Biyu tana riƙe da ƙafafu tana haki.

"A hankali, kar ki karya min allura," in ji Maman Biyu. "Kuma kafin yamma ki dawo min da abina."

Hankalin tela a tashe yake tun safe, tun da saƙo ya shigo wayarta cewa jami'ar bashi za ta zo ƙarfe biyu ta ɗauki hoto.

Wata shida ke nan da aka sa hotonta a intanet da labarinta layi huɗu: uwar yara uku, ta iya ɗinki, ba ta da keke. Mutum ashirin da uku daga ƙasashen da ko sunansu ba ta iya faɗa ba suka haɗa mata bashin kuɗin keke. Kuɗin suka shigo ran Talata. Ran Alhamis cikin 'yarta ya murɗa, likita ya ce ko a yi aiki yanzu ko a rasa ta. Asibiti ya haɗiye keken tun ba a saya ba. Tun daga nan faci da ɗinkin hannu take yi, tana biyan kason wata da ƙyar.

Ƙa'idar kuwa ba ta da kwana-kwana: in aka kama mace ɗaya ta karkatar da kuɗi, duk matan rukuninsu biyar an rufe musu ƙofa. Cikinsu har da ƙanwar mijinta, wadda bakinta ba ya bukatar lasifika. Abin da tela ke tsoro ke nan.

Ta watsa ƙyallaye a ƙasa, ta rataya tef ɗin awo a wuya, ta zauna. Sai ga sallama.

Jami'ar yarinya ce siririya, da jaka a kafaɗa. Suka gaisa, ta ƙi zama.

"Anti, wannan ne keken?"

"Shi ne."

"Yana aiki lafiya?"

"Lafiya lau, kamar me."

"Rasit fa?"

Tela ta kau da kai. "Yara... kin san yara da takarda."

Jami'ar ta zagaya keken a hankali, tana shafa katakon da yatsa. A kusurwar hagu ta tsaya. Akwai wani baƙin tabo a wurin, inda dutsen guga ya taɓa ƙona katakon. Ta zuba masa ido.

Shi ke nan, asiri ya tonu. A ranta tela ta hango ƙanwar mijinta a tsakar gida tana tafa hannu, ta hango sauran matan uku da 'ya'yansu. Ta buɗe baki.

"Ƙanwata, ki tsaya in faɗa miki gaskiya. 'Yata ce..."

"Kar ki faɗa min komai." Jami'ar ta waiga ƙofa, ta rage murya. "Abin da kika faɗa dole in rubuta. Samo yadi ki rufe nan."

"In rufe?"

"Tabon nan gida biyu na ɗauke shi a watan nan. In ya fito a hoto na uku, ofis za su gane. Rukuni biyu aka rufe min bana, Anti. In aka rufe na uku, ni za a sallama, kuma ni ke riƙe da gidanmu."

Tela ta jawo wani yadi mai furanni ta shimfiɗa a kusurwar. Ta ɗora ƙafa a kan feda, ta dafa hannu kamar mai tsakiyar aiki. Ashe Maman Biyu ba ita kaɗai take ba aro ba, kuma ko da wasa ba ta taɓa faɗa ba.

"Yi murmushi," in ji jami'ar. "Su can murmushi suke so."

Tela ta yaƙe haƙora. Jami'ar ta ɗaga waya ta danna, ta duba, ta yi tsaki ta goge. Ta sake dannawa, ta sake gogewa.

"Ni ce ban yi daidai ba?" in ji tela.

"A'a, Anti. Hannuna ne ke rawa."